Lissafin Mista Holbrook

Shida saura kwata nake tayar da motar,
doguwar rawayar nan ta 'yan makaranta.
Greensboro ba ta gama miƙa ba,
itatuwan bakin titi na ɗigar da ruwan jiya.

A tsayawa ta huɗu, gaban gidajen haya masu jan bulo,
Zulai ke jira, jakarta ta fi bayanta faɗi.
Ubanta Harisu na can jikin shinge,
bai ma cire takalmin robar aikin dare ba.
Ba ya matsowa. Hannu kawai yake ɗaga mini,
kamar mai tsoron inuwarsa ta taɓa motar gwamnati.
Shekara bakwai yana figar kaji a masana'anta
ba shi da takardar zama.
An ce baƙo raɓa ne,
wannan raɓar dai ta ga rani bakwai ba ta bushe ba.

Daren Talata aka yi taron hukumar makarantu.
Na je ne don an ce za a taɓo albashinmu.
Sai Mista Holbrook ya miƙe,
dattijo mai tsabta, takarda na rawa a hannunsa.
Ya ce harajin gidansa ya hau,
maganin matarsa ya hau,
ga shi ana ɗora masa 'ya'yan waɗanda suka shigo ta taga.
Ya lissafa kujera, ya lissafa littafi,
madarar safe, malamar Turanci,
har man motata bai bari ba.
Ya tara, ya raba, ya ce ga kuɗin kai ɗaya.
Aka tafa.

Ban tashi ba.
Turancina, in raina ya ɓaci, gudu yake ya bar ni.
Kuma na san zafin aljihu,
ba zan ce dattijo ƙarya yake ba.

Sai da na kama sitiyari da asuba amsar ta zo,
irin ta matsoraci, bayan an watse:
Mista, lissafinka da saura.
Na ga takardar albashin Harisu da idona,
an yanke, an kuma yankewa,
kuɗin tsufan da ba zai taɓa karɓa ba.
Harajin mai gidan hayarsa a wuyan wa yake sauka?
Ko sabulu ya saya sai ya bar wa hukuma nata.
Ita kuwa Zulai a goye ta shigo ƙasar nan,
tana barci, yawu na zuba a kafaɗar uwarta.
Wace takarda ta sa wa hannu?

Ba zan yi maka alkawarin za ta zama likitarka ba.
Wa ya san gobe?
Abin da na sani, ita ke karanta wa ubanta wasiƙar asibiti,
yatsa a ƙarƙashin kowace kalma,
shi kuma ya yi shiru kamar ana masa huɗuba.
A garinmu cewa ake ɗa na kowa ne.
Ban taɓa tunanin maganar tana da farashi ba,
sai a nan.
To, tana da shi. A biya.

Tsayawa ta tara, wani yaro mai jan gashi ya hau,
Wendell, jikan dattijon.
Ya wuce kujeru uku babu kowa
ya zauna kusa da ita, don ita ta iya rabawa mai saura,
shi kuwa kullum sauran ke ɓace masa.
Ta madubi na ga kawuna biyu a kan littafi ɗaya,
tana ce masa: ba a zubar da abin da ya rage,
sai ka rubuta shi a gefe.

A ƙofar makaranta na ƙirga su, yadda doka ta ce.
Arba'in da uku.
Takardar da nake cikewa gurbi ɗaya gare ta:
nawa suka hau, nawa suka sauka.
Na rubuta, na ja ƙofa.